Ɗigo huɗu kawai na auna, layin da ke tsakaninsu ya ɓata min komand ɗin Hajiya

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina yini, ya zafi? Mu dai nan Yamai watan Afirilu ya kama mu sosai, tun ƙarfe goma na safe ɗan ɗakin da nake aiki a Bukoki yake zama tanda, ga kuran yana tafiya yana dawowa yadda ya ga dama. Amma yau wani abu daban ne ya kawo ni, abin da ya cinye min sati biyu cur da kusan rabin nadin roba, kuma na ga ya kamata in rubuta shi da Hausa don duk inda na nemi bayaninsa ko da Ingilishi ne ko da Faransanci, kuma ko a can ɗin ma a warwatse yake.

Ga waɗanda ba su sani ba, ina da ƙaramin injin 3D, irin wanda yake narka zaren roba yana shimfiɗa shi layi bisa layi har abu ya tashi. Zaren kaurinsa milimita 1.75, bakin da yake fitowa ta ciki wanda muke ce ma buz milimita 0.4, kuma nawa irin mai dogon tiyo ne tsakanin motar da ke tura zaren da kan da ke narka shi, wato Bowden. Da shi nake buga ƙananan piyes, maɓallin fanka da ya karye, murfin batir na telekomand, irin waɗannan abubuwan da ba a samun su a kasuwa sai dai ka sayi sabo gaba ɗaya.

To wata Hajiya ƙawar mamana ta kira ni, za ta aurar da ɗiyarta, tana son maƙalin makulli guda 150 na rabawa a wurin biki, siffar kuros ɗin Agadas da sunan ango da amarya a tsakiya. Na ce Hajiya in sha Allahu ba matsala. Ta ce "ɗana ka fa yi min mai kyau, mutane daga Tawa za su zo har da dangin ango daga Agadas, su sun san abin." Wannan maganar tata ta ƙarshe ita ta hana ni barci.

Na buga na farko da wani irin zaren roba da ake kira PLA, mai ruwan azurfa. Daga nesa lafiya lau. Amma da na ɗauko shi na shafa da babban yatsa, faffaɗan wurin sumul yake kamar faranti, sai can wajen tsinin hannuwan kuros ɗin da tsakanin haruffa yatsana ya fara jin gir-gir-gir kamar ana shafa tsakin gero. Na kai shi bakin taga na karkata shi ga rana, sai ga roba ta taru ta yi ƴan tuddai a duk inda wuri ya matse, har da alamar inda buz ya bi ta kai ya ja ta ya bar karce. Wanda ya saba riƙe kuros na azurfa da maƙeran Agadas suka goge da hannu, wallahi da taɓawa ɗaya zai gane.

Dalilin abin ba ɓoyayye ba ne in ka tsaya ka kalli injin yana aiki. Narkakkiyar roba a cikin buz tana ƙarƙashin matsi, kuma matsin baya tashi nan take baya sauka nan take, kamar tiyon ban ruwa ne a garka, ka rufe famfo amma ruwa na ci gaba da zuba na ɗan lokaci. A dogon layi kan injin yana samun sarari ya ɗau gudu, robar da ta yi yawa a farko da ƙarshe ta baje a cikin tsawon. A gajeren layi kuwa, milimita ɗaya ko rabi, kafin ya ɗau gudu ya riga ya taka birki ya juyo, ya sake taka birki ya juyo, roba kuma ba ta daina fitowa ba, ga shi kowane ƙarshen layi yana ɗan hawa kan bangon da ke gefe. Sai ta rasa inda za ta, ta hau sama. A injin Bowden abin ya fi muni don zaren yana lanƙwashewa cikin tiyo kamar sifirin.

Maganin da mutane suka samo mai sauƙin fahimta ne: in layi gajere ne, rage masa roba. OrcaSlicer, manhajar yanka da yawancinmu muke amfani da ita, wato wadda take yanka zanen abu layi-layi ta mai da shi umarnin da injin zai bi, tana da wani wuri na musamman don wannan, inda ake rubuta tablo mai layi-layi, kowane layi lamba biyu: tsawon layin roba da milimita, sai kuma abin da za a ninka yawan robar da shi. Tablon yana farawa daga 0 da 0, ya ƙare a milimita 10 da 1, wato daga milimita 10 zuwa sama ba a taɓa komai. A tsakiya akwai irin su 0.2 da kusan 0.44, da 2 da kusan 0.89.

Ni kuma a lokacin tsohuwar kwamfutata tana wahala da sabbin manhajoji, kuma ina son in gane abin da hannuna, sai na ce bari in rubuta ɗan guntun shiri da Python, wani yaren rubuta shirin kwamfuta, wanda zai bi fayil ɗin G-code, wato fayil ɗin umarnin da injin yake bi, bayan an yanka, ya nemo layukan cike saman abu, ya auna tsawon kowane G1 (umarnin tafiyar layi ɗaya) daga X da Y (inda layin ya nufa), ya canza lambar E (yawan zaren da za a tura). Ba wani abu mai wuya ba ne muddin ka ba injin umarnin M83 wanda yake sa kowane E ya tsaya da kansa ba tare da an tara shi kan na baya ba. Misali layi mai tsawon milimita 10, faɗi 0.45, kauri 0.2, yana cin roba kusan 0.9 na milimita kubik, in ka raba da 2.4 wanda shi ne faɗin bakin zaren in an yanke shi, E zai zama wajen 0.37. Shirin nawa aikinsa kawai ya ninka wannan lambar da abin da tablo ya ce.

Na buga ƴan ƙananan gwaji masu siffar alkalami mai tsini, na yi ta canzawa ina shafawa, har na tsaya a kan ɗigo huɗu:

0 → 0
1 → 0.6
2 → 0.9
10 → 1

A nan ne tambayar ta taso wadda ban ɗauke ta da muhimmanci ba a lokacin. Layin da tsawonsa ya kai milimita 6 fa, nawa za a ba shi? Ban auna 6 ba. Ban auna 3.7 ba, ban auna 0.45 ba, kuma a cikin kuros ɗaya akwai ɗaruruwan layuka kowane da tsawonsa. Dole shirin ya ƙirƙiro amsa daga ɗigon da na ba shi. Wannan cike giɓin tsakanin ɗigo da ɗigo shi ne malaman lissafi suke kira enterpolasiyon, kuma hanyoyin yinsa suna da yawa. Ni na buɗe SciPy, tarin kayan lissafi na Python, na ɗauki wadda na ji sunanta ya fi yawo, sifilin (spline) mai daraja uku, wato lanƙwasasshen layi da ake haɗawa guntu-guntu ya ratsa kowane ɗigo, don an ce ita ce ta fi ba da layi mai santsi, kuma santsi nake nema.

Na tura guda goma sha biyu a faranti ɗaya na tafi fada shan shayi. Da na dawo bayan sallar isha'i tsinin ya gyaru, gaskiya ya yi kyau, tsakanin haruffa ma ya kwanta. Amma hannuwan kuros ɗin, wurin da da can ba shi da laifin komai, shi ne yanzu ya kumbura, roba ta yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, a biyu daga ciki ma buz ya tokari tudun har ya bar baƙin tabo. Na zaci zafin buz ne, na rage daga 210 zuwa 200. Na zaci zaren ya sha ƙura, na goge na sa masa ɗan soso a hanya. Na zaci bel ya saki. Kwana huɗu ina wannan zagayen, faranti bayan faranti, kuma kowa ya san yadda zare yake da wuyar samu a nan, sai ka yi komand ka jira ko ka roƙi mai zuwa daga waje ya riƙo maka.

Ƙanwata ce ta warware min. Tana karatun lissafi a jami'ar Abdou Moumouni can Harobanda, ran Juma'a ta ƙetaro gada ta zo gida ta same ni zaune gaban tarin kuros da suka lalace. Na nuna mata tablon. Ta ce "Yaya, ka zana layin ka gani kuwa?" Na ce wane layi, ai ɗigo huɗu ne kuma duk suna hawa, daga 0 zuwa 1, me zai faru a tsakani? Ta karɓi kwamfutar ta rubuta layi uku ta zana shi. Jama'a, daga ɗigon 2 layin bai kwanta ya nufi 1 a hankali yadda na zata ba, sama ya yi, ya wuce 1 tun wajen milimita 2.5, ya kai kusan 1.24 a milimita 6, sannan ya gangaro ya sauka a kan 1 daidai a milimita 10. Hannuwan kuros ɗina kuma layukansu duk tsakanin milimita 4 da 8 suke. Wato shirin da na rubuta don rage roba shi ne yake ƙara musu har kusan kashi 24 cikin ɗari.

Na ce to ai wannan kuskure ne a cikin lissafin. Ta ce a'a Yaya, lissafin daidai yake, abin da aka gina shi ya yi kenan. Sai ta tuna min da kafintan da ke kusa da gidanmu na da, wanda in zai yanke katako mai lanƙwasa yakan kafa ƙusoshi ya ɗauko siririn falanki ya lanƙwasa shi ya bi ta jikinsu sannan ya zana da fensir. Ashe sunan sifilin ma daga can ya fito, siririn katakon da masu zanen jiragen ruwa suke lanƙwasawa ne tun kafin kwamfuta, sai a 1946 wani masanin lissafi Schoenberg ya ɗauki sunan ya sa wa lissafin. Washegari da na je Katako neman sukurori na tsaya wurin wani malam kafinta na roƙe shi ya ba ni aron siririn falanki da ƙusa huɗu. Ya ce "samari me za ka yi da su?" Na ce Malam gwaji zan yi. Na kafa uku kusa da juna suna hawa da sauri, ta huɗun can nesa ta ɗan fi ta ukun tsawo kaɗan, na lanƙwasa falankin ya taɓa duka. Da idona na ga ya yi ciki ya tashi sama tsakanin ta uku da ta huɗu, don ya fito daga ƙusa ta uku da ƙarfin hawa kuma katako baya karyewa ya juya nan take, sai ya tafi da wannan hawan ya yi nisa kafin ya sauko. Malam ya duba ya ce "ai sai ka ƙara ƙusa a tsakiya." Wallahi maganarsa ita ce rabin maganin.

A lambobi ga yadda abin yake. Daga 1 zuwa 2 tablona yana hawa 0.3 a kowane milimita. Daga 2 zuwa 10 kuwa 0.1 ne kawai aka raba wa milimita takwas, wato 0.0125 a kowane ɗaya. Sifilin yana so gangara da lanƙwasa duka su haɗu lafiya a kowane ɗigo ba tare da tsalle ba, don haka a ɗigon 2 ya zaɓi gangara wajen 0.2, ninki goma sha shida na abin da sashen gaba yake iya ɗauka. To ina zai kai wannan hawan in ba sama da 1 ba?

Daren nan muka zauna da ita muka gwada sauran hanyoyin a kan ɗigo huɗun nan dai, ba mu canza ko ɗaya ba, muna tambayar kowace hanya abu guda: layi mai milimita 6 nawa?

Ta fara da wadda ake koya musu a aji, wato a nemo lissafi guda ɗaya tak da zai ratsa duka ɗigon, irin na masanin lissafi Lagrange. Wannan ya ba mu 0.52 a milimita 6, a milimita 7 ma ya faɗi har 0.38. Da shi na sa, da ramuka zan samu a hannuwan kuros maimakon tuddai. Ta ce kuma in ka ƙara ɗigo abin yana iya ƙara lalacewa, wani Bajamushe Runge ya nuna haka tun 1901. Wannan dai mun ajiye shi gefe, ba na aikinmu ba ne.

Sai miƙaƙƙen layi, wanda ko ɗan lakkwal zai yi da bik da kaye: ka haɗa ɗigo da na gaba da shi da rula. Milimita 6 yana tsakiyar 2 da 10 daidai, to amsa tana tsakiyar 0.9 da 1, wato 0.95. Ba zai taɓa wuce ɗigon da ka ba shi ba, sama ko ƙasa. Laifinsa biyu ne, yana da gwiwa a kowane ɗigo, kuma in ainihin abin yana da doro kamar namu, miƙaƙƙen layi yana bi ta ƙarƙashinsa, sai ya ɗan rage roba fiye da kima a tsakani.

Ta ƙarshe ita ce PCHIP, kuma ita ce na zauna a kanta. Ita ma guntu-guntu ce mai daraja uku kamar sifilin, amma ta sassauta sharaɗi ɗaya ta ɗauki wani. Ta haƙura da cewa lanƙwasa sai ta haɗu a kowane ɗigo, gangara kawai take haɗawa, a madadin haka ta yi alkawarin in ɗigonka suna hawa layin ma hawa zai yi, ba zai wuce na sama ba, ba zai faɗo ƙasa da na ƙasa ba. Tushenta aikin Fritsch da Carlson ne na 1980, kuma harafin H da ke cikin sunan na Hermite ne, masanin lissafi na Faransa. Dabarar tana wajen zaɓen gangara a kan kowane ɗigo. Tana duba gangarar hagu da ta dama, in ɗaya tana hawa ɗaya tana sauka sai ta sa sifili, layin ya kwanta a wurin. In duka suna hawa sai ta ɗauki wani irin matsakaici da yake karkata wajen ƙaramar, kamar tafiyar ayari da ake bin saurin raƙumin da ya fi gajiya. A ɗigon 2 namu, tsakanin 0.3 da 0.0125, ta zaɓi wajen 0.03. Akwai ƙa'ida a aikin nasu cewa muddin gangarar bakin sashe ba ta wuce ninki uku na gangarar sashen ba, layin ba zai juya baya ba, ninki uku na 0.0125 kuwa 0.0375 ne, kun ga 0.03 tana ciki, 0.2 ta sifilin kuma ta yi nisa da shi. Amsar PCHIP a milimita 6 ita ce 0.98.

Ku duba fa: 0.52, 0.95, 0.98, 1.24. Tablo ɗaya, ɗigo huɗu, kuma duk hanyoyin nan huɗu sun ratsa ta kan kowane ɗigo daidai ba kuskure. Da a ce na gwada shirin a kan 1 da 2 da 10 kawai, kowace za ta ce min lafiya lau.

Akwai kuma ta Akima ta 1970, mun gwada ta daga baya a wani tablo mai ɗigo da yawa, tana rage wannan kumburin sosai don ɗigon da ke kusa kawai take dubawa, amma ba ta yi alkawarin ba za ta wuce ba, ni kuma alkawarin nake so.

Ra'ayina a nan a fili yake, kuma na san akwai masu ganin na cika tsanani. A wajen yawan roba, santsin layin lissafi ba shi da wani amfani da ido zai gani. Injin baya bin layin nan a jere kamar mota a kan titi, kowane layin roba yana zuwa ne da tsawonsa ya karɓi lambarsa ya wuce, na gaba da shi ma haka. Ko akwai gwiwa a milimita 2 ko babu, bambancin layi mai 1.9 da mai 2.1 ƙanƙane ne. Abin da yake ɓata aiki shi ne a ba layi lambar da ba ka taɓa aunawa ba kuma ba ka yarda da ita ba. Shi ya sa ko miƙaƙƙen layi na fi yarda da shi a kan sifilin a wannan aikin, PCHIP kuma ta haɗa biyun, ta bi doron kuma ta tsaya cikin iyaka. Daga baya na ga ita ce OrcaSlicer take amfani da ita a wajen daidaita matsin buz gwargwadon gudu da yawan roba, inda mutum yake ba da ƴan awo kaɗan manhaja ta cike sauran, kuma na gane dalili. Sifilin yana da wurinsa, in hanyar da kan inji zai bi kake zanawa ko jikin kwalekwale, can santsin lanƙwasa shi ne komai.

Wani abu da ƙanwata ta sa na ƙara, ta ce Yaya in layi ya wuce milimita 10 fa? Na duba, ashe SciPy in ba ka hana shi ba yana ci gaba da lissafin guntun ƙarshe har waje da tablo. Shirina yana da sharaɗin tsallake dogayen layuka tun farko, Allah ya taimake ni, amma duk da haka na sa masa katanga biyu, kada amsa ta wuce 1, kada ta sauka ƙasa da sifili. Duk mai rubuta irin wannan don Allah ya sa, layi ɗaya ne.

Sai maganar malam kafinta ta ƙara ƙusa. Da na koma PCHIP hannuwan kuros suka kwanta, amma can cikin lungun haruffa na fara ganin ƴan ƙananan ramuka kamar na allura, alamar roba ta yi kaɗan. Tsakanin 0 da 1 ba ni da awo ko ɗaya, nan ne kuma abin yake canzawa da sauri. A rabin milimita miƙaƙƙen layi yana ba da 0.30, PCHIP tana ba da 0.34, duka biyun sun yi ƙasa da abin da injina yake so, kuma ba wata hanyar lissafi da za ta san haka tunda ban gaya mata ba. Na koma na buga gwaji na ƙara ɗigo a 0.3 da 0.5 da 3 da 5. Da ɗigon suka kai takwas na sake zana hanyoyin don in gani, miƙaƙƙen layi da PCHIP sun kusa hawa kan juna, sifilin ma kumburinsa ya ragu sosai. A inda abu yake saurin canzawa a nan ake tara ɗigo, inda ya kwanta biyu ko uku sun isa, amma kar a bar rami mai faɗin milimita takwas kusa da wuri mai tsananin hawa yadda na yi.

Kuma in za ku yi, ku bi tsari, ni na fara ta ƙarshe ne shi ya sa na yi aiki biyu. A fara tabbatar da cewa in ka ce wa mota ta tura zare milimita 100, 100 ɗin take turawa, ka sa alama da marka ka auna. Sannan yawan roba na gaba ɗaya a kan faffaɗan wuri. Sannan gyaran matsi na cikin injin kansa, in manhajar da ke cikin injinka Marlin ce shi ne M900 da lambar K, in Klipper ce kuma pressure_advance a cikin fayil ɗin saiti, injin Bowden yana son lamba babba fiye da mai mota a kan buz. Sai bayan duk wannan a zo kan tablon gajerun layuka. Ni sai da na gama tablo na tuna ban taɓa saita K ba, da na saita shi rabin tuddan suka tafi da kansu, tablon da na sha wahala a kai ya zama yana rage roba fiye da kima, dole na ɗaga kusan duka lambobin, ɗigon milimita 1 ya tashi daga 0.6 ya koma kusa da 0.8.

Tablon kuma na zare ɗaya ne da inji ɗaya. Wanda na yi wa PLA mai ruwan azurfa bai zauna daidai a kan baƙin PETG, wani irin zaren daban da nake buga piyes ɗin mota da shi, ba, don shi PETG ana narka shi wajen 240 kuma ya fi danƙo da jan zare. Ina kuma jiran damina in sake aunawa, don zare yana shan laima daga iska, in ya sha kuma fitarsa tana canzawa, abin da na auna a busasshen Afirilu ba lalle ya tsaya haka a watan Agusta ba. Na buɗe kaye na musamman, kowane nadi da shafinsa, da kwanan wata da zafin buz da lambar K da tablonsa.

Af, na gaya wa Hajiya ta faɗa wa mutanenta kada su bar maƙalin a kan gaban mota cikin rana, PLA yana fara laushi tun wajen digiri 60, motar da aka rufe a ranar Yamai kuwa tana iya kaiwa can.

Na gama guda 150 ɗin saura kwana uku biki, dare nake bugawa don da rana ɗakin baya zaunuwa kuma kuran ya fi tsayawa bayan sha biyu, faranti ɗaya ya lalace da aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki sai na sake shi. Na zuba su a kwali na hau kabu-kabu na kai mata Yantala. Ta zaro ɗaya ta juya shi, ta sa yatsa ta bi hannun kuros ɗin har tsini, ta sake bi, sannan ta miƙa wa wata tsohuwa da ke zaune kan tabarma kusa da ita wadda ashe gwaggon ango ce da ta riga sauran isowa daga Agadas. Ita ma ta shafa, ta kai shi kusa da ido ta karanta sunayen, ta ce a ajiye mata guda biyar na jikokinta. Hajiya ta ce "ɗana, akwai sunan jikata bayan salla, guda ɗari nake so, amma wannan karon raƙumin dawa na Kure za ka yi min."

Ƙafafun raƙumin dawa a girman maƙalin makulli ba su fi milimita biyu faɗi ba, kusan duk layukan ciki za su faɗa tsakanin 0.3 da 1.5 kenan, don haka gobe in Allah ya kai mu zan ƙara ɗigo a 0.7 da 1.2 da 1.5 kafin in fara zanen.